Gasar gem ta ƙare da rigima a Tudun Wada: wa ya yi coge a cikin mutum huɗun nan?

Tambaya: Yaya, barka da aiki. Mu ne muke haɗa gasar wasan harbi na PUBG Mobile da ta wasan ƙwallo na eFootball duk ƙarshen wata a Tudun Wada. Samari na shiga daga Rigasa, Unguwar Sanusi har da Kawo. Zagayen farko kowa daga gida yake bugawa, na ƙarshe mu taru wuri ɗaya. Ta wannan watan da rigima ta ƙare. Akwai yaron da ake cewa yana da manhajar coge saboda ya yi ta kashe mutane bayan sun riga sun shige bayan bango. Wani an ga fayil ɗin cire ciyawa a wayarsa. Wani yayansa ne ya buga masa zagayen farko da akawun ɗinsa. A ƙwallo kuma wasan wani ya yanke ana cinsa biyu da nema, ya ce sabis ne. Magoya bayansu na cewa wayo ne, kowa ma yana yi. Kuɗin kyauta na hannuna har yanzu. Me zan yi?

Amsa: Ƙanena, sannu da ɗawainiya. Ka yi daidai da ka riƙe kuɗin, kada ka sake su sai ka gama bincike. Biyu daga cikinsu laifinsu a fili yake. Na uku, wato mai yankewar sabis, doka ce za ta yi maganinsa, ba tuhuma ba. Na huɗun kuwa, wanda aka fi yi wa caa, wato yaron bayan bango, shi ne hujjar da ake da ita a kansa ta fi rauni. Sana'ata haɗa layukan intanet ce da kula da sabobi, na kuma jima ina alƙalancin irin waɗannan gasanni a garin nan, saboda haka da shi zan fara, don a irin maganarsa ne aka fi zaluntar yara.

Wasan da kake gani a fuskar wayarka ba wayar ce ke yanke hukuncinsa ba. Akwai babbar kwamfuta, wato saba, a wata ƙasa mai nisa. Wayarka na aika mata cewa ka matsa hagu, ka durƙusa, ka yi harbi. Wayar abokin karawarka ma tana aika nata. Sabar ce ke haɗa labaran ta faɗi wanda harsashi ya sama. Lambar nan da ke hawa da sauka a gefen sikirin, mai "ms" a jiki, ita ce lokacin da saƙo ke ci ya je ya dawo, kowane ms ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa. Haske a cikin igiyar gilashi ta intanet yana cin kimanin kilomita 200 a ms ɗaya, babu kuɗin da zai sa ya wuce haka. Idan sabar tana Jamus, saƙonka daga Kaduna sai ya gangara Legas, ya shiga igiyar ƙarƙashin teku, irin ta MainOne mai tsawon kilomita 7,000 zuwa Fotugal, sannan ya ratsa Turai. Tafiyar wajen kilomita 10,000 ke nan, ms 50 zuwa, ms 50 dawowa, tun ba a sa jinkirin eriyar unguwarku da cunkoson bayan isha'i a lissafi ba. Ko a benci ɗaya kuke zaune da abokin karawarka, harbinsa sai ya yi wannan doguwar tafiya kafin ya same ka.

Masu ƙera wasannin harbi sun san da haka, shi ya sa suka tsara saba ta riƙa yi wa mai harbi adalci. Idan harbi ya iso mata, sai ta ɗan koma baya ta duba inda mai harbin ya gan ka a lokacin da ya danna, ba inda kake yanzu ba. To ɗauki samari biyu, kowanne da ms 120. Kai a wayarka ka riga ka shige bayan bango. Kafin labarin shigarka ya je saba, ya iso wayarsa, harbinsa ya koma saba, sakamako ya dawo maka, an ci kusan rubu'in daƙiƙa, mai gudu a PUBG kuwa yana wuce mita ɗaya a wannan ɗan lokaci. A wayarsa a fili ya harbe ka, a taka a bayan bango ka faɗi, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinku.

Mai manhajar coge na gaske alamominsa daban ne, kuma ba a wayar wanda aka kashe ake ganinsu ba, sai an kalli wasan ta idon wanda ake zargi. Za ka ga bakin bindigarsa na bin mutum ta cikin bango tun bai gan shi ba, bai kuma ji takunsa ba. Za ka ga saiti na fizgowa ya manne a kai, ya saki, ya fizga zuwa kan na gaba, babu ɗan gyare-gyaren nan da yatsa ke yi. Alamar da na fi dogara da ita kuma ita ce ba ya leƙa lungun da babu kowa. Ɗan wasa mai gaskiya, komai ƙwarewarsa, yana ɓata lokaci yana duba ɗakunan da ba mutum a ciki, yana waiwaye, wani lokaci a mamaye shi ta baya. Mai gani ta bango kai tsaye yake nufar inda mutum yake, kullum, kamar an yi masa kwatance. Duk da haka abu ɗaya ba ya zama hujja sai ya maimaitu wasa bayan wasa, domin yaron da ya sa abin ji mai kyau a kunne, yake wasa da yatsu huɗu, ya kuma iya karkata waya don danne tsallen bindiga, zai yi abin da mai wasa da manyan yatsu biyu zai rantse ba hannu ba ne.

A shekarar 2016 a Koriya ta Kudu an yi wa wata yarinya 'yar shekara 17, Kim Se-yeon, da ake kira Geguri, irin wannan zargi a wasan Overwatch, saboda saitinta ya wuce tunanin waɗanda ta doke. Kamfanin Blizzard ya bincika ya wanke ta, ta kuma zauna a situdiyo ta buga kai tsaye duniya na kallo. A 2018 ita ce mace ta farko da ta shiga gasar Overwatch League. Irin wannan dama za ka ba yaronku. Ka kira shi cikin mutunci, ba a gaban taro ba, ka ba shi wata waya da ka amince da ita, ya shiga akawun ɗinsa ya jera maɓallansa yadda ya saba, ya buga wasanni kaɗan kana tsaye kana kallon yatsunsa. Ba sai ya ci ba. Hannun ƙwararre ba ya ɓuya ko a waya baƙuwa. Idan gaskiyarsa ta fito, ka wanke shi a bainar jama'a kamar yadda aka ɓata shi a bainar jama'a, don sunan "mai coge" idan ya manne wa yaro a unguwa ba ya saurin fita.

Sauran ukun ma'auni ɗaya ya ishe su, kuma da shi nake aiki a duk inda na yi alƙalanci: abin da ka yi, za ka iya faɗa wa abokin karawarka kafin a fara, ya kuma yarda ya zauna ya buga da kai? Idan ka ce masa, "Ni kwanton ɓauna zan yi a bene har da'irar da ake wasa a cikinta ta matse," zai ji haushi amma zai buga, don shi ma ƙofar a buɗe take gare shi. Idan ka ce masa, "A wayata babu ciyawa, duk inda ka kwanta ina ganinka," tashi zai yi. A hadisin da Muslim ya ruwaito na mai sayar da tsibin abincin da jiƙaƙƙe ke ƙasa busasshe a sama, mutumin ya kawo uzuri cewa ruwan sama ne ya taɓa shi. Manzon Allah (SAW) bai tuhume shi a kan ruwan ba. Tambayarsa ya yi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Masu cewa "kowa ma yana yi" ka tambaye su, in haka ne me ya sa ba a faɗa wajen rajista ba?

Fayil ɗin ciyawa ana raina shi saboda ba ya harbi da kansa, amma duba yadda yake aiki. Dole saba ta riƙa aiko wa wayarka inda abokan gaba na kusa suke, ko kana ganinsu ko ba ka gani, don kada su ɓullo a makare idan ka juya. Wayar ce ke zana bango da ciyawa da hayaƙi a gabansu ta rufe maka su. Manhajar gani ta bango ba abin da take yi illa ta sa waya ta nuna abin da aka ce ta rufe, fayil ɗin ciyawa ma aikinsa ke nan. A da'irar ƙarshe, inda mutum ba shi da mafaka sai ya kwanta rub da ciki, wanda ya cire ciyawa ya ƙwace wa kowa mafakarsa ya bar wa kansa tasa, tunda a wayoyin sauran shi yana nan a rufe. Na san uzurin, ban kuma raina shi ba: waya ƙarama ce, tana zafi, tana tsaitsayawa, ga wasu da wayoyin ɗaruruwan dubbai. Sai dai maganin yana cikin saitin wasan kansa, a sauke kyawun hoto zuwa mafi ƙasa, a kashe inuwa. Wannan kamfani ne ya ba kowa. Duk abin da sai ka shiga fayilolin wasa ka sauya, ko ka ɗora wata manhaja a kansa, ya wuce saiti, kuma PUBG Mobile na rufe akawun har shekara 10 a kan coge.

Hukuncinsa shi ne a soke makin tim ɗinsu gaba ɗaya, ba nasa shi kaɗai ba, domin duk wanda ya hango ya nuna musu tare suka ci moriyarsa. Haka ake yi a manyan gasanni. A watan Oktoban 2018 a Shanghai aka kama ɗan wasan harbi na Counter-Strike daga tim ɗin OpTic India, Nikhil Kumawat, da manhajar coge da ya laƙaba wa sunan "word.exe" don a ɗauka ta rubutu ce. Shi aka dakatar shekara 5, amma tim ɗin duka aka kora daga gasar.

Ka kuma gaya wa yaran nan inda waɗannan fayiloli ke fitowa, don wannan ya fi kyautar gasarku muhimmanci. Kasuwa ce babba. A watan Maris na 2021 'yan sandan birnin Kunshan a Sin, tare da kamfanin Tencent, sun tarwatsa wani gungun masu sayar da manhajojin coge da ya tara kimanin dala miliyan 76. Mai sayarwa kuɗinka yake ci. Mai rabawa kyauta a Telegram kuma sai ka tambayi kanka me yake ci. A shekarar 2021 ɗin dai kamfanin Activision ya fitar da rahoto kan wata muguwar manhaja da ake tallatawa a matsayin cogen wasan Warzone, alhali aikinta buɗe wa ɓarayi ƙofar kwamfuta. Babu mai sauƙin kamu irin mai neman coge, don da hannunsa yake kashe kariya ya ba manhaja duk izinin da ta nema, a wayar da manhajar bankinsa take, inda lambobin sirri ke shigowa ta tes. Maganar "wannan ba a gane shi" kuma ta mai talla ce. Kamfanoni da gangan suke ƙin kamawa nan take, tarawa suke yi su share a lokaci ɗaya don masu ƙera cogen su kasa gane ta inda aka gano su. A Fabrairun 2023 kamfanin Valve ya bayyana cewa ya dasa wasu bayanai a wasan Dota 2 waɗanda babu mai taɓa su sai manhajar coge, ya zuba ido, sannan ya rufe akawun fiye da 40,000.

Na wanda yayansa ya buga masa shi ya fi damuna, don shi ya fi yawa a wajenmu, kuma shi ne ba a ɗauka laifi ba, har taimakon ɗan'uwa ake ce masa. Mu 'yan Kaduna bai kamata a yi mana dogon bayani a kansa ba. Gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da Najeriya ta karɓa a 2009, wadda aka buga wasu wasanninta a filin wasa na Ahmadu Bello, a ita ce FIFA ta shigo da ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don gano masu cogen shekaru. Ƙato a cikin yara yana iya bin kowace dokar ƙwallo, bai taɓa da hannu ba, bai yi ƙeta ba, amma shigarsa filin ita ce cutar. Haka ƙwararre a akawun ɗin ɗan koyo. Wanda aka fitar a zagayen farko ba wanda ya yi rajista ne ya fitar da shi ba, kuma yaron da ya shigo da ɗokinsa aka ragargaje shi da hannun da ba na sa'ansa ba yawanci ba ya dawowa wata mai zuwa. A Koriya ta Kudu tun Yunin 2019 doka ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 2 ko tarar da ta kai won miliyan 20 ga masu karɓar kuɗi su buga wa wasu don ɗaga musu matsayi. Valve kuma a Satumban 2023 ya rufe akawun 90,000 na ƙwararrun da ke buɗe sababbi don su faɗa cikin 'yan koyo. A gasarku, a cire ƙanen, a hana yayan shiga ta gaba, a mayar da wanda aka fitar gurbinsa.

Mai yankewar sabis ba za ka iya shiga zuciyarsa ba, kada ma ka gwada. Sabis na yankewa da gaske a garin nan, ana ɗauke wuta na'urar intanet ta mutu, kira na shigowa ya katse wasa. Tunda niyya ba ta tabbatuwa, sai a yi dokar da ba ta buƙatar sanin niyya: idan wasa ya yanke, ƙwallayen da aka ci suna nan, a koma a ƙarasa mintunan da suka rage, wanda ya yanke sau biyu a wasa ɗaya an ci shi. Mai gaskiya bai yi asara ba, mai ƙarya bai ci riba ba. Wasansu a ƙarasa shi daga biyu da nema.

Akwai abubuwan da ba ka tambaya ba amma za su zo maka, don haka gara ka shirya. Kwanton ɓauna, jiran tim biyu su gama gwabzawa ka zo ka kwashe ragowar, riƙe ƙwallo a baya don cin lokaci, duk suna da ban haushi amma halal ne a wasa, kada ka bari masu ƙorafi su sa ka hana su. Mai wuyar ita ce kafar da kamfani ya bari bisa kuskure. A Nuwamban 2014, a gasar DreamHack Winter a Suwidin, tim ɗin LDLC ta Faransa na gaban tim ɗin Fnatic da 13 da 3 a taswirar Overpass ta Counter-Strike. Sai Fnatic suka fito da dabarar da suka ɓoye: suka hau kan juna har ɗayansu, Olofmeister, ya samu wani wuri can sama da yake hango babban ɓangaren filin, abokan karawa ba su ma san ta ina harsashi ke zuwa ba. Suka farke suka ci 16 da 13. Ba su sa manhaja ba, ba su taɓa fayil ba. Alƙalai suka ce a sake wasan, masu kallo suka yi musu ca, daga ƙarshe Fnatic suka janye da kansu, LDLC ta wuce har ta ɗauki kofin. Har gobe ana gardama a kan wannan wasa. A Satumban 2020 kuma hukumar ESIC mai sa ido kan gaskiya a gasannin gem ta dakatar da koci 37 saboda cin moriyar wani kuskure da ke ba koci damar kallon fili daga inda bai kamata ba. Ra'ayina a nan ba shi da kwana: hawa kan mota ko kan abokinka don ka hango nesa dabara ce, amma shiga cikin dutse ko ƙarƙashin ƙasa ka yi harbi daga inda harsashi ba ya iya samunka coge ne, ko an rubuta ko ba a rubuta ba.

A zauren da kuke taruwa kuma cutar da ta fi yawa ba ta buƙatar data ko kaɗan: tim biyu 'yan unguwa ɗaya su haɗa baki kada su harbi juna sai an gama da baƙi, ɗan kallo ya tsaya bayan wannan ya yi wa wancan alama, wanda aka kashe ya ci gaba da kallon wasa yana tura saƙo, ko a buɗe shirin da kuke watsawa kai tsaye a Facebook a ga inda kowa yake. Ku jinkirta abin da kuke watsawa da 'yan mintuna, ku raba wurin zaman tim-tim, 'yan kallo su koma gefe ɗaya. Kwamfuta mai kibod da linzami, babban allo na hannu, da maɓallan da ake maƙala wa gefen waya, ba laifi ba ne a wasan yau da kullum. PUBG Mobile ma tana gane masu wasa a kwamfuta ta haɗa su da junansu. A gasar waya dai sai abin da kuka amince da shi tun farko, ni kuwa shawarata waya zalla.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari: rabin rigimar nan ta samu wuri ne saboda ba ku rubuta komai ba. Kafin ta wata mai zuwa ka rubuta dokokin a shafi ɗaya da Hausa, kowa ya karanta ya amsa kafin a karɓi sunansa. A ciki a ce kowane ɗan wasa zai ba da lambar akawun ɗinsa, zai ɗauki bidiyon sikirin ɗinsa a zagayen gida tare da muryarsa a ciki don a san shi ne, kuma ƙorafi ba ya karɓuwa sai da bidiyo, cikin awa ɗaya da gama wasa. Alƙalai su zama mutum uku daga unguwanni daban-daban, waɗanda ba su da tim a gasar. Batun kuɗi ma ku duba shi: inda kowa ke zuba kuɗin shiga wanda ya ci ya kwashe, malamai da dama caca suke ganinsa, kuma shi ke sa yaro ya ga dole sai ya ci ko ta halin ƙaƙa. Ku nemi mai shagon waya ko mai sayar da data ya ɗauki nauyin kyautar a ambaci sunansa, ya fi tsabta. Duba waya kuma a sa shi cikin sharuɗɗan rajista, a riƙa yi a gaban mai ita, a buɗe jerin manhajoji da ma'ajiyar fayilolin wasa kawai, hotunansa da saƙonninsa ba ruwan alƙali da su. Wanda bai yarda da wannan ba sai ya haƙura da gasar tun daga bakin ƙofa.